Waya biyu ne suka tsinke, ba allon mota ne ya ƙone ba

Assalamu alaikum Edita,

Bayan gaisuwa da fatan kai da abokan aikinka kuna cikin ƙoshin lafiya, ina roƙon ɗan fili a jaridarku in yi magana a kan abin da ya shafi sana'ata. Ni rewaya ne, wato mai gyaran wayarin mota, a nan Kano. Hannuna ya fi sabawa da filaya da mita a kan biro, saboda haka a yi mini afuwa idan zancen ya yi tsawo. Abin da ya faru a garejinmu ranar Talatar makon jiya, a kan kyamarar ribas mai nuna wa direba bayan mota, shi ne ya hana ni yin shiru.

Wajen ƙarfe tara na safe wani dattijo ya shigo da babbar motar iyali, irin 'yan Amurkan nan masu kujera bakwai da ake ɗaga ƙofar bayansu sama. Na miƙa masa benci bai zauna ba. Ya ce, "Malam, kyamarar bayan nan nake so ka gyara mini yau, ko nawa ne." Da na ga hannunsa na rawa sai na ce, "Ranka ya daɗe, lafiya?" Ashe da safen nan ya zo fita da motar daga gida da baya, jikarsa 'yar shekara biyu ta biyo shi bai sani ba, ta tsuguna a bayan motar tana saka takalmi. Ya duba madubin tsakiya, ya duba na gefe, bai ga kowa ba. Ihun mai gadi ne ya sa ya taka birki. Ya ce da ya fito, abin da ke tsakanin yarinyar da taya bai kai taku ɗaya ba.

Wata takwas ke nan kyamarar ba ta aiki, kuma ba sakaci ya yi ba tun farko. Ya kai wuri na farko an ce kyamarar ce ta mutu, aka saka sabuwa, ta nuna hoto a garejin, kafin ya isa gida ta ɗauke. Ya kai wuri na biyu aka ce allon da ke nuna hoton a gaban direba ne gaba ɗaya ya ƙone, sai an yi odar wani daga Legas, aka faɗa masa kuɗin da zai sayi buhunan shinkafa. Nan ya haƙura, ya ce ai shekara talatin ya yi yana tuƙi babu kyamara.

Tambaya ɗaya na yi masa: tun da ta ɗauke, ta taɓa dawowa ko da na ƙiftawar ido? Ya ce wani lokaci idan yana ribas taya ta faɗa rami, takan ɗan haska ta sake ɗaukewa. Wannan amsar ta yi mini rabin aikin, domin abin da ya ƙone ba ya farfaɗowa don an faɗa rami. Na sa yarona ya shiga, ya ja birkin hannu, ya kunna makulli ba tare da ya tada inji ba, ya taka birki ya saka ribas. Allon ya juya ya yi baƙi ƙirin. Na fara ɗaga ƙofar but, wato ta bayan motar, a hankali. Da ta kai rabi, sai ga hoto ya bayyana yana rawa. A saman ƙofar, inda ta haɗu da rufin mota, akwai wata baƙar roba mai kama da maƙogwaro, ta cikinta duk wayoyin ƙofar suke wucewa. Na ja ta baya. Waya ɗaya ta tsinke gaba ɗaya, bakin biyu suna taɓa juna in sun ga dama, ta biyu kuma 'yan silili uku suka rage mata. Na yanke wurin, na ƙara sabuwar waya mai laushi, na liƙe da dalma, na rufe. Minti arba'in. Su ma na wuri na farkon na gane yadda aka yi suka ga hoto: ƙofar a ɗage take lokacin da suka gwada.

Edita, ba na son in zagi abokan sana'ata, amma gaskiya ɗaya ce. Da yawa daga cikinmu mun bar bincike mun koma canki-canka. A canja wannan, in bai yi ba a canja wancan, mai mota na biya. Ga shi kuwa kyamarar ribas na cikin abubuwa mafi sauƙin ganewa a jikin mota, in mutum zai natsu.

Ni da gyaran rediyo da talabijin na fara, zamanin bidiyon kaset da gidajen kallo, kafin na koma mota. Duk wanda ya taɓa haɗa bidiyo da talabijin ya san filogi uku ɗin nan, ja da fari na magana, rawaya na hoto. To mafi yawan kyamarorin da muke gani a garejinmu, musamman na saye da na tsofaffin motoci, wannan hoton na rawayan filogi suke aikawa, ba wani tsafi. Abu huɗu kawai tsarin yake buƙata. Kyamara ta samu wuta. Ta samu bodi mai kyau, wato wayar da ake ɗaurewa a jikin ƙarfen mota. Wayar hoto ta taho lafiya tun daga baya har gaba. Sannan allon ya samu labari cewa an saka ribas. Idan ɗaya ya faɗi, hoto ya tafi, kuma kowanne da irin alamarsa.

Idan ka saka ribas allon bai ko motsa ba, yana nan yana nuna maka rediyo ko waƙarka, to bai ji labari ba ne, kada ma a taɓa kyamara tukuna. Ka sa wani ya tsaya a gefen motar ta baya, ba daidai bayanta ba, ya duba ko fararen fitilun ribas sun kama. In duka biyun ba su kama ba, a duba fiyus, a duba suwicin da ke jikin giya wanda ke kunna su. Na sha ganin motar da aka yi wa shirin cire allo, alhali fiyus ne da bai kai kuɗin kwanon abinci ba. In kuwa fitilun sun kama amma allon bai juya ba, kuma allon na saye ne, to akwai wata siririyar waya a bayansa da aka rubuta wa BACK ko REVERSE, ita ce mai kai labarin, sau da yawa mai haɗawa murɗe ta kawai ya yi da hannu ya naɗe da salatif, zafin rana ya narkar da gam ɗin ta zame.

Idan allon ya juya amma baƙi ne, ko shuɗi, ko ya rubuta cewa babu sigina, to labari ya iso, hoto ne bai iso ba. Nan ne aka fi cutar mutane. Wani zai ga layukan nan masu launin kore da rawaya da ja sun fito a kan baƙin allo, ya ce ai kyamara na aiki. A motoci da yawa allon ne da kansa yake zana layukan, don haka fitowarsu shaida ce cewa allon yana da rai, ba kyamara ba. Daga nan sai mita, na'urar auna wuta. A je soket ɗin kyamara a auna: wuta na zuwa? Bodi ya kama? In babu wuta, a bi waya. In akwai, a ciro kyamarar a gwada ta a kan benci. Ni har yau ina da wani tsohon ƙaramin talabijin a shagona saboda wannan aikin kaɗai. Ina ba kyamarar wutar da ta dace da ita, in soka wayar hotonta a rawayan rami, in ta nuna fuskar yarona to lafiyarta ƙalau, laifin na hanya ne.

Na ce wutar da ta dace da ita, kuma da gangan na faɗa, domin a nan ni ma na taɓa yin asara. Batirin mota bolt 12 ne, kyamarorin saye ma yawanci 12 suke ci, daga fitilar ribas ake ja musu. Amma da yawa daga kyamarorin da ke zuwa da mota daga kamfani, musamman motocin Japan, wajen bolt 6 kawai allon ke aika musu. Shekarun baya wani yarona ya auna ya ga 6, ya ɗauka wuta ce ta yi rauni, ya jawo waya kai tsaye daga fitilar ribas ya haɗa. Kyamarar da ba abin da ya same ta ta ƙone nan take. Garin neman gira aka rasa ido. Ni na saya wa mai motar wata daga aljihuna, ban kuma yi wa yaron faɗa sosai ba, domin ni ne ban taɓa gaya masa ba.

Sai hoton da ke zuwa yana ɗaukewa. Wannan kusan kullum waya ce ko soket. Ƙofar but ana buɗe ta ana rufewa sau dubbai, wayar cikin robar nan tana lanƙwasa tana miƙewa, ga zafinmu da ke busar da fatar waya ta yi tauri, dole wata rana ta karye. Ƙananan motoci masu murfin but ma haka, wayar na bin ƙarfen da ke riƙe murfin. Hoto mai layi-layi ko yayyafi kamar talabijin ɗin da eriyarsa ta juya, musamman in yana ƙaruwa idan an taka totur, yawanci bodi ne bai kama da kyau ba, ko an ɗaure shi a kan fenti ko tsatsa. A kankare wurin har ƙarfe ya yi haske, a ɗaure da noti.

Akwai kuma wanda ba gyara yake buƙata ba. Lokacin hunturu ana kawo mini motoci a ce kyamara ta yi hazo, in sa tsumma mai laushi da ɗan ruwa in goge idonta, shi ke nan. Idon bai kai ƙwayar gyaɗa ba, yana daidai inda ƙurar baya ke taruwa. Sai dai kada a goge shi a bushe da gefen riga, ƙurar tana karce shi, a hankali ya dushe har abada. In kuwa an goge hazon yana nan, ka duba da kyau za ka ga raɓa daga ciki, to ruwa ya shiga. A nan ina roƙon 'yan uwanmu masu wankin mota, don Allah ku daina kafa bakin injin feshi daidai kan kyamara da wurin lamba. An yi ta ne ta jure ruwan sama, ba wannan ƙarfin ba. Idan ruwa ya shiga, shanya ta a rana na iya ba da kwana biyu, amma damina na zuwa za ta koma. Wannan kam canji ne, ba na musu. Haka soket ɗin da ya yi kore-kore, in bai ci sosai ba a wanke, in ya ci a yanke a saka wani.

Yanzu kuma yayi ya zo na manyan allunan Android, kowa na cire rediyon motarsa yana sakawa. Rabin ƙorafin da ake kawo mini a kansu ba lalacewa ba ce, rashin jituwa ce. Kyamarori iri-iri ne. Akwai tsohon tsari, shi ma kashi biyu, NTSC da PAL, kamar yadda muka sani a zamanin kaset, akwai kuma sabon da ake kira AHD mai hoto tar. Idan aka haɗa kyamarar AHD da allon da aka saita a tsohon tsari, ko dai baƙi, ko hoto marar launi yana birgima. Shiga saitin allon za a yi a zaɓi wanda ya dace, ba a kwance ko sukuru ɗaya ba. Sannan wanda ya cire allon kamfani ya tuna cewa allon ne ke ba kyamara bolt 6 ɗin nan, sai an saka 'yar na'urar rage wuta. Wasu motocin Jamus kuma suna da tasu rigimar: inji a kashe hoto lafiya, ana tayarwa ya fara ƙifce-ƙifce. Dalili shi ne kwamfutar motar ba ta sakar wa fitilar ribas wuta a miƙe, a yanke-yanke take aikawa da sauri, ƙwan fitila bai damu ba amma kyamara ta damu. Rile, wato ƙaramin suwici mai aiki da wuta, ake sakawa a jawo wuta mai tsafta, fitilar ta zama mai ba da umarni kawai. Sababbin motoci na 'yan shekarun nan da hotonsu ke bi ta kwamfuta, su kam sai an jona na'urar bincike, kuma in aikin ya fi ƙarfina nakan faɗa wa mai mota ya je inda suke da kayan.

Kada a manta yawancin motocin da ke shigo mana ta Legas da Kwatano sun yi rayuwa kafin su zo, wasu an buge su ta baya aka sayar da su gwanjo. Mai gyaran bodi ya miƙe ƙarfe, ya yi fenti ya yi kyau, amma ya danne waya a ƙarƙashin bamba ko ya manta soket bai mayar ba. Duk motar da na ga alamar sabon fenti a bayanta, can nake fara leƙawa.

Wani zai ce duk wannan surutu a kan kayan ado? Haka Alhajin nan mai jika ma ya ɗauka kafin ranar Talata. A ƙasar da ake ƙera irin motarsa ba ado aka ɗauke ta ba. A shekarar 2002 wani likitan yara a jihar New York ta Amurka ya taka ɗansa ɗan shekara biyu, Cameron Gulbransen, yana ribas a ƙofar gidansa, yaron ya rasu. Uban ya shiga fafutuka har majalisarsu ta yi doka da sunan yaron, shugaba George W. Bush ya sa mata hannu a 2008. An yi ta jan ƙafa har 2014 kafin hukumar kula da lafiyar motoci ta ƙasar ta fitar da ƙa'ida, cewa daga 1 ga Mayu 2018 duk sabuwar motar da nauyinta bai wuce fam 10,000 ba, wajen kilo 4,500 ke nan, dole ta nuna wa direba bayanta. Har awo suka yi: fili mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 20 a bayan motar, kuma hoton ya fito cikin daƙiƙa biyu da saka ribas. A lokacin hukumar ta ƙiyasta cewa mutum 210 ke mutuwa duk shekara ta wannan hanya, wasu 15,000 na jikkata, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na mamatan yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. A 2024 hukumar ta ci tarar kamfanin Ford dala miliyan 165 saboda jinkirin kiran motocin da kyamarorinsu ke da matsala a gyara. Wannan a ƙasar da ba kasafai yaro ke fita ƙofar gida shi kaɗai ba ke nan. Mu fa, da lungunanmu cike suke da yara tun asuba, ga almajirai, ga masu talla, ga awaki?

Wanda motarsa 'yar Amurka ce ma yana iya ɗaukar lambar bodi mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, ya shigar a shafin intanet na waccan hukumar, kyauta, ya ga ko akwai kiran gyara da ba a yi wa motar ba. Ba za a gyara masa kyauta a nan ba, amma aƙalla rewaya zai san inda zai dosa.

Dattawan direbobi na cewa su da madubi suka koya, kuma gaskiyarsu, ni ma haka na koya. Amma motar da muka koya da ita gajera ce, gilashin bayanta a ƙasa yake. Waɗannan dogayen na yanzu, yaro ɗan shekara uku zai tsaya cak a bayansu, babu madubin da zai nuna shi. Duk da haka ni ban ce kyamara ta maye gurbin ido ba. Ba ta ganin wanda ke tahowa da gudu ta gefe, kuma tana nuna abu kamar yana nesa alhali yana kusa. Ni dai kafin in shiga mota a ƙofar gidana sai na zagaya ta baya, in kuma ƙirga 'ya'yana da ido.

Abin da nake roƙon masu motoci shi ne, in aka ce maka abu ya ƙone, ka ce a nuna maka. Ka tambaya ko an auna wuta a soket ɗin, ko an gwada kyamarar a waje, ko an buɗe robar ƙofa. Mai gaskiya ba zai ji haushi ba. In an canja, ka karɓi tsohon ka tafi da shi.

Sai dai, Edita, laifin ba namu ba ne mu kaɗai, kuma wannan ne ainihin abin da ya sa na ɗauki biro. Da na gama aikin Alhaji, hoto ya fito tar, ya yi ta hamdala, ya buɗe ƙofar ya rufe sau uku yana gwadawa. Na faɗa masa kuɗin aikina, wanda bai kai kashi ɗaya cikin goma na kuɗin allon da aka ce ya saya ba. Sai ya dube ni ya ce, "Haba Malam, waya biyu fa kawai ka haɗa." Mutumin da ya shigo yana cewa ko nawa ne. Na ce, "Ranka ya daɗe, haɗawar kyauta ce, gano su ne na kuɗi." Ya yi dariya, amma sai da ya rage. Da sabon allo na ciro daga kwali na saka masa, da bai yi ciniki ba, kuma da na samu riba ninki biyar a kai. Yarana biyu suna tsaye suna kallon duk abin da ya faru, kuma ba yara ne marasa lissafi ba. Da yamma ƙaramin ya ce mini, "Oga, da ka ce masa allon ne." Na yi masa faɗa, na ce kada in ƙara jin wannan a bakinsa. Guntayen wayoyin biyu na rataye su a ƙusa saman bencina, duk mai motar da ya ce aikin bincike ya yi tsada ina nuna masa.

Na gode da filin da aka ba ni. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka, ya tsare mana zuri'a.

Naku,
Wani rewaya, daga Kano